Tudu, Kwata ko Famfo: Yadda Aka Bi Sawun Kwalara a Landan

Daren Alhamis, 31 ga Agusta 1854, mutanen unguwar Soho da ke tsakiyar Landan suka shiga ɗaki lafiya, kafin gari ya waye gida bayan gida ana ta amai da gudawa. Ranar Juma'a kaɗai mutum 143 suka kwanta kwanciyar da ba su tashi ba. Ranar Asabar mutum 127 suka cika. Cikin kwana goma an rasa sama da mutum 500 a ɗan kewayen da bai wuce yadi 250 ba daga mahaɗar titin Broad da titin Cambridge, tafiyar da ba ta kai ta minti biyar ba. Duk mai inda za shi ya kulle ƙofa ya gudu. Kafin a cika kwana shida, fiye da kashi uku cikin huɗu na mazauna titunan da abin ya fi ƙamari sun watse. Da ƙura ta lafa aka ƙidaya mamata 616.

Duk wanda ya taɓa zama ajin nazarin annoba ko na taswirar kwamfuta ya ji yadda ake ba da wannan labari: wai likita John Snow ya zana taswira, ya ga mace-mace sun taru a gindin wani famfo, ya je ya cire hannun famfon, annoba ta tsaya cak. Labarin yana da daɗin ji, sai dai kusan kowace gaɓa tasa tana buƙatar gyara. Taswirar ta fito wata uku bayan an cire hannun, wani ya riga shi zana tasa, cutar ta riga ta fara ja da baya, kuma hukumar lafiya ta ƙasa ta duba hujjar ta ce ba ta gamsu ba. Mutum uku ne suka ɗora mace-macen birni ɗaya a kan yanayin ƙasa a 'yan shekarun nan, kowa da abin da ya je nema, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ya sa lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki.

Ma'aunin tudu

Landan ta lokacin ta haura mutum miliyan biyu, amma ba ta da tsarin fitar da bayan gida na a-zo-a-gani. Gidaje na da ramin masai a ƙarƙashinsu ko a ƙofarsu, in ya cika a kira masu kwasa da dare. Likitoci da mahukunta kuwa sun tsaya kai da fata cewa wari ke kawo cuta, wato tururin da ke tashi daga kwata da maƙabarta da mahauta shi mutum ke shaƙa ya kamu. Da wannan fahimta hukumar magudanai da aka kafa a 1848 ta matsa a riƙa rufe ramukan masai a juya ƙazantar cikin magudanai. Su kuma magudanan kogin Thames suka nufa, inda kamfanonin ruwa da dama ke ɗiba suna sayar wa jama'a. An gudu ba a tsira ba ke nan. Annobar 1848 zuwa 1849 ta ci sama da mutum 14,000 a Landan kaɗai.

Wanda ya fara auna wace unguwa ce ta fi zama cikin haɗari shi ne William Farr, mai kula da ƙididdiga a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Duk mako yana fitar da jadawalin waɗanda suka rasu, da abin da ya kashe su, da gundumarsu. Bayan annobar 1849 ya zauna ya gwada gundumomin birnin da abubuwa iri-iri: cunkoso, kuɗin haya, talauci, tushen ruwa, da tsawon ƙasa sama da kogi. A rahoton da ya fitar a 1852, tsawon ƙasa ne ya yi zarra. Gundumomin da ba su kai ƙafa 20 sama da kogi ba sun rasa mutum 102 cikin kowane 10,000. Daga ƙafa 20 zuwa 40, mutum 65. Daga 40 zuwa 60, mutum 34. Haka lissafin ya yi ta sauka, 27, 22, 17, har can saman tudun Hampstead, wajen ƙafa 350, inda adadin bai kai goma ba. Tsabar yadda lambobin suka jeru, har ƙa'idar lissafi ya fitar da za a ba ta tsawon wuri ta faɗi yawan mutuwar da za a yi tsammani.

Lissafin Farr ba shi da aibi, fassarar ce ta kauce. Shi a ganinsa gurɓatacciyar iska ce ke kwanciya a kwari, tana raguwa yayin da ake hawa. Amma kwari bai zo shi kaɗai ba. Unguwannin kwarin kudancin kogi su ne na talakawa, su ne masu jiƙaƙƙiyar ƙasa inda ruwan masai da na rijiya ke gaisawa, su ne kuma ake kawo musu ruwan famfo daga tsakiyar kogin, daidai inda ruwan teku ke turo ƙazantar birni baya sau biyu a rana. Tudu alama ce kawai ta wani abu da ke tafe tare da shi. Wannan tarko har yau masu haɗa taswirar haɗarin cuta na faɗawa cikinsa: a tara ma'aunai goma, a ga wanda ya fi dacewa da lambobi, a ɗauka shi ne sanadi. A yi wa Farr adalci dai, bai rufe ido ba. A ƙarshen 1853 ya fara sa sunan kamfanin ruwa a jadawalinsa, ya kuma rubuta cewa ba za a iya raba tasirin ruwa da na sauran abubuwa ba sai an sami jama'a kashi biyu masu zama a tsawon ƙasa ɗaya, da arziki ɗaya, da sana'a ɗaya, ruwan sha kaɗai ya bambanta su. Ya ƙara da cewa Landan ba ta da irin wannan wuri.

Ashe akwai.

Titi ɗaya, bututu biyu

John Snow ɗan garin York ne, an haife shi a 1813, kuma tun yana ɗan koyo ya yi jinyar masu kwalara a mahaƙar kwal ta Killingworth a 1832. Sana'ar da ya yi suna a kai ita ce sa majinyata barci lokacin tiyata, shi ya ba Sarauniya Victoria maganin rage zafin naƙuda a 1853. Mutumin da ke auna tururin magani kullum ya san halin iska, ya san tana tsinkewa da nisa. Tun 1849 ya rubuta cewa cutar da ke farawa daga hanji ta baki take shiga, kuma daga bayan gidan majinyaci take komawa cikin wani, galibi ta ruwa.

A kudancin kogi akwai kamfanoni biyu, Lambeth da kuma Southwark and Vauxhall. A 1849 dukansu daga cikin birni suke ɗibar ruwa. A 1852 Lambeth ya tattara ya koma Thames Ditton, can sama inda ƙazantar Landan ba ta kaiwa, ɗayan kuwa ya ci gaba da ɗiba a Battersea. Abin da Snow ya lura da shi shi ne, saboda gasar neman kwastoma da kamfanonin suka yi shekarun baya, a unguwanni da yawa bututunsu biyu na bin titi ɗaya. Wannan gida na shan ruwan Lambeth, na jikinsa na shan na Southwark, gwargwadon wanda mai gidan ya zaɓa tun da daɗewa. Tudu ɗaya, iska ɗaya, wari ɗaya, masu kuɗi da talakawa a kowane ɓangare, mutum wajen 300,000. Duk taswirar da za a shafa wa launi gunduma-gunduma ba za ta taɓa ganin wannan ba, domin iyakar haɗarin a ƙarƙashin ƙasa take, tsakanin katanga da katanga.

Da kwalara ta dawo a watan Yulin 1854, sai ya karɓi adireshin mamata daga ofishin Farr ya shiga bi gida-gida, wani likita mai suna John Joseph Whiting na taya shi wani yanki. Tambaya ɗaya ce: ruwan wane kamfani kuke sha? Ga ta da sauƙi, amma yawancin 'yan haya ba su sani ba, tunda mai gida ke biya. Sai ya ce a nemo masa rasit. Inda rasit ya gagara, ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya rubuta adireshi a jiki, ya tafi da ita gida ya ɗiga mata wani sinadarin azurfa. A wannan bazarar gishirin da ke ruwan Southwark ya kusan ninka na Lambeth sau arba'in, don haka da an ɗiga sai ya yi fari kamar an zuba madara, na Lambeth kuwa da ƙyar ya sauya.

A mako huɗu na farko mutum 334 suka mutu a yankin. Cikinsu 286 ruwan Southwark ake kai wa gidajensu, 14 kacal na Lambeth, 22 kuma da bokiti suke ɗiba daga kogin kai tsaye. Da aka kai mako bakwai, gidaje 40,046 na Southwark sun yi mamata 1,263, wato 315 a kowane gida 10,000. Gidaje 26,107 na Lambeth sun yi 98, wato 37. Sauran Landan 59. Mutanen da ke zaune a kwari, inda ƙa'idar Farr ta ce su ne a bakin kura, sun fi sauran birnin tsira muddin ruwan sama-da-birni suke sha.

Aikin yana da giɓi, kuma masu suka sun gano shi. Snow ya san jimillar gidajen kowane kamfani, amma bai san nawa ne a kowace ƙaramar gunduma ba, saboda haka bai iya nuna bambancin a cikin unguwannin da bututun suka cakuɗe su kaɗai ba. Sai a 1856 John Simon na hukumar lafiya ya fitar da alƙaluman kamfanonin: masu shan ruwan Lambeth sun sauko daga mutuwa 125 cikin mutum 10,000 a annobar 1849 zuwa 37 a ta 1854, na Southwark kuwa sun hau daga 118 zuwa 130. Ko sunan Snow bai ambata ba.

Soho

Yana tsakiyar wannan aiki Soho ta kama. Daga gidansa da ke titin Sackville zuwa titin Broad 'yar tafiya ce, ya kuma taɓa zama cikin unguwar, ya san lungunanta. Soho ba kwari ba ce, ruwan kamfanonin da ke kai mata ma ba na Battersea ba ne, don haka hankalinsa ya tafi kan famfunan tuƙa-tuƙa na bakin titi. Yammacin Lahadi, 3 ga Satumba, ya ɗebi ruwan famfon titin Broad ya duba, ya gan shi garau, har ya yi jim. Ruwan nan ya yi suna a unguwar wajen sanyi da daɗi. Masu gidajen abinci da shi suke ba baƙi, masu mashaya da shi suke sirki, wasu 'yan tireda ma zuba masa hoda mai kumfa suke su sayar a matsayin abin sha. Wata mai shagon kofi da ke ba masu cin abincin rana wannan ruwa ta shaida cewa kwastomominta tara sun riga mu gidan gaskiya.

Ranar Talata ya karɓo jerin mamata 83 na kwana ukun farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma ne kawai gidajensu suka fi kusa da wani famfon daban. Cikin goman, iyalan biyar suka ce ai su kullum titin Broad suke aikawa saboda sun fi son ruwansa, uku kuma yara ne da makarantarsu ke kusa da famfon. A cikin na kusa, 61 an tabbatar masa suna sha daga nan. Daren Alhamis 7 ga wata ya je gaban kwamitin gundumar St James ya yi bayani, washegari aka cire hannun famfon. A ranar, mutum 12 ne suka yi kamuwar da ta zama ajalinsu, alhali mako guda kafin nan 143 ne. Shi da kansa ya rubuta cewa cutar ta riga ta ragu ƙwarai kafin a hana shan ruwan, har ba zai iya cewa rijiyar na ɗauke da dafin a lokacin ba.

Inda na fi jinjina masa shi ne wuraren da suka saɓa wa tsari, waɗanda mai gaggawa zai share ya ce kuskuren bayanai ne. A titin Poland akwai gidan gajiyayyu mai mutum 535, mace-mace sun kewaye shi ta fuska uku. Da ya bi sahun maƙwabtansa da ya rasa fiye da ɗari, amma biyar kawai suka mutu. Snow ya shiga ya tambaya, aka ce suna da rijiyarsu a ciki, ga kuma ruwan kamfani, ba sa aikawa titin Broad. A kan titin Broad ɗin kansa akwai masana'antar giya mai ma'aikata sama da 70, ba wanda ya mutu. Mai wurin ya ce ana ba su wani kaso na abin da suke dafawa, akwai kuma rijiya mai zurfi a ciki, ba ya jin akwai mai taɓa ruwan famfon. Can gaba kaɗan, a lamba 37, masana'antar kayan harsashi ce mai ma'aikata kusan 200, ana cika musu manyan mazubai biyu da ruwan famfon kullum. Mutum 18 suka mutu, kowa a gidansa.

Sai kuma matar Hampstead. Gwauruwa ce mai shekara 59, mijinta ne ya kafa waccan masana'antar harsashi, ta koma can saman tudu da zama, ta yi watanni ba ta taka Soho ba. Amma bakinta ya saba da ruwan titin Broad, don haka kullum amalanken da ke zuwa wajenta sai an ɗora masa babbar kwalba. An kai mata na ranar Alhamis, ta sha da yamma, ta ƙara sha ranar Juma'a, ranar Asabar ta rasu. Wata 'yar ɗan'uwanta da ta zo ziyara ta sha ruwan, ta koma gida Islington, ita ma ta mutu. Babu kwalara a unguwannin biyu a lokacin. Wurin da jadawalin Farr ya ce ya fi ko'ina aminci, nan ruwan ya bi ta har ɗaki.

Mu da muka tashi muna ganin 'yan garuwa na tura kura lungu-lungu, wannan ba baƙon abu ba ne. A annobar kwalarar da ta auka wa Kano daga Disambar 1995 zuwa Mayun 1996, inda aka ba da rahoton mutum 5,600 sun kamu, 340 sun rasu, binciken da aka yi kan majinyatan asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya nuna shan ruwan da ake tallarsa a titi na cikin abubuwan da suka bambanta masu cutar da waɗanda ba su da ita. A irin wannan gari, in ka sa alamar rijiyoyi a taswira ka ja da'ira kewaye da kowacce, ka auna rabin labari ne, domin ruwan yana da ƙafa.

Taswirar da ta fara fitowa kan annobar Soho ta Edmund Cooper ce, injiniyan hukumar magudanai, a cikin watan Satumban nan. Jita-jita ta cika unguwa cewa haƙan sababbin magudanai ne ya tono tsohon ramin da aka binne mamatan annobar 1665, shi ya saki mugun tururi. Cooper ya sa alama a kowane gidan da aka yi rashi, ya zana tsoho da sabon magudani, da kowane bakin kwata, ya nuna cewa gidajen da ke kusa da su ba su fi sauran mutuwa ba, kewayen tsohon ramin ma da sauƙi. Aiki ne mai tsafta, ya kuma wanke ma'aikatarsa. Mamatan nan dai su ne na Snow, a gidajen nan dai, amma tambayar magudani ya je da ita, amsar magudani ya dawo da ita.

Taswirar Snow sai 4 ga Disamba 1854 ya nuna ta a taron ƙungiyar masu nazarin annoba ta Landan, aka buga ta a littafinsa a 1855. Ya zubar da duk wani tarkace, ya bar tituna, da famfuna 13, da 'yan baƙaƙen sanduna da aka jera a ƙofar kowane gida, sanda ɗaya mamaci ɗaya. Ba duka 616 ne suka hau ba, domin wasu sun mutu a asibiti ko bayan sun gudu ba a rubuta lambar gidansu ba. Kallo ɗaya za ka yi ka ga baƙin ya yi kauri a gindin famfo ɗaya yana sirancewa da nisa.

Sai dai wani likita, Edmund Parkes, da ya yi sharhin littafin, ya kawo sukar da ba ta da sauƙin turewa. Ya ce cutar da ta yi kauri a tsakiya tana raguwa zuwa gefe, ai haka ma mugun tururi zai yi in daga wuri ɗaya yake tashi. Kuma unguwar cike take da famfuna, duk inda annoba ta ɓarke ba za a rasa famfo kusa ba. Gaskiya ya faɗa. Taruwar alamomi a wuri ɗaya ba ta rarrabe iska da ruwa. Duk mai kallon jan tabo a taswirar kwamfuta yau ya kamata ya ji muryar Parkes a kunnensa.

Amsar tana cikin taswira ta biyu, wadda Snow ya shirya wa kwamitin binciken da gundumar ta kafa. A kanta ya ƙara wani layi mai ɗigo-ɗigo, karkatacce, wanda ya kewaye duk gidajen da famfon titin Broad ya fi musu kusa in da ƙafa za a je. Da ƙafa fa, ta kwana da lungu, yadda mai ɗauke da bokiti zai bi. Akwai titunan da a takarda suna dab da famfon titin Rupert, amma hanyar zagaye ce mai nisa. Akwai kuma na kusa da famfon titin Marlborough, wanda ruwansa ya ƙazantu har mutane na tsallake shi su tafi titin Broad. Iska ba ruwanta da kwana, da'ira za ta yi. Mace-macen kuwa siffar layin nan suka bi, suna miƙewa inda ya miƙe, suna tsayawa inda ya tsaya. Abin da manhajojin taswira ke lissafawa yau cikin daƙiƙa, yankin da kowace rijiya ko asibiti ke ɗauka bisa nisan tafiya, shi ne wannan, da sawu aka auna shi.

Saura tambaya ɗaya: me ya shiga rijiyar? Wanda ya amsa ta mutum ne da ya shigo don ya ƙaryata Snow. Henry Whitehead ƙaramin limami ne a cocin St Luke da ke titin Berwick, shekararsa 29, ya yi kwanakin annobar yana shiga ɗakunan masu mutuwa, shi kansa ya sha ruwan famfon bai kamu ba. Da aka sa shi cikin kwamitin, sai ya yi abin da Snow bai samu yi sosai ba, ya tambayi waɗanda suka rayu. Titin Broad na da mazauna 896 kafin annoba, ya bi sawun 497, har waɗanda suka ƙaura, wasu ya koma musu sau da yawa. Cikin waɗanda suka sha ruwan famfon kusan shida cikin goma sun kamu, cikin waɗanda ba su sha ba ko ɗaya cikin goma ba a kai ba. Da hannunsa ya rushe abin da ya zo karewa.

Yana cikin duba rajistar mamata ya ci karo da wata jaririya 'yar wata biyar a gida mai lamba 40, wadda ta rasu 2 ga Satumba bayan gudawar kwana huɗu. Ya ƙirga baya, ya ga ta fara ciwo 28 ga Agusta, kafin kowa. Gidan kuma shi ne a jikin famfon. Ya je wajen uwar, ta ce tana jiƙa ƙunzugun yarinyar a bokiti, ta zubar da ruwan a ramin masai da ke gaban gida. A watan Afrilun 1855 mai safiyon gunduma, Jehoshaphat York, ya haƙa wurin. Tubalin ramin ya ruɓe, tsakaninsa da bangon rijiyar ƙafa biyu da inci takwas ne, ƙasar da ke tsakani kuma jiƙe take sharkaf da abin da ke tsiyaya. Wani abu kuma da Whitehead ya lura da shi: uban jaririyar, ɗan sanda ne, ya kwanta da kwalara ranar 8 ga Satumba, ranar da aka cire hannun famfon, ya rasu 19 ga wata. Duk kwanakin nan ruwan jinyarsa ramin nan yake shiga. Cire hannun bai kashe wutar farko ba, amma da alama ya hana ta biyu tashi.

Kwamitin gunduma ya yanke cewa ruwan rijiyar ne sanadi. Kwamitin masana na hukumar lafiya ta ƙasa, wanda jami'ansa suka bi gidajen unguwar suna duba kwata da iska da tsafta, ya ce ya bincika bai ga dalilin karɓar wannan ra'ayi ba. Daga baya ma aka mayar wa famfon hannunsa. A shekarar annobar nan wani likita, Filippo Pacini, ya hango ƙwayar cutar a hanjin mamata a Florence ta Italiya, ba wanda ya kula, sai da likitan Jamus Robert Koch ya sake gano ta a Masar da Indiya a 1883 zuwa 1884. Snow bai ga ko ɗaya ba. Ya rasu a watan Yunin 1858 yana da shekara 45, a bazarar da warin Thames ya addabi 'yan majalisa har suka amince da kuɗin manyan magudanan injiniya Joseph Bazalgette. Don gudun wari aka gina su, suka kuma raba ƙazanta da ruwan sha.

A 1866 aikin bai kammala a gabashin birni ba, kwalara ta sake shigowa, ta ci mutum 5,596 a Landan, mafi yawansu a can. Farr na nan a kujerarsa. Da jadawalin ƙarshen Yuli ya zo gabansa ya ga Whitechapel da Bethnal Green da Mile End da Poplar sun yi baƙi, wannan karon bai tsaya kan tsawon ƙasa ba, ya ɗora iyakar mace-macen a kan iyakar bututun kamfanin East London, suka hau juna. Ya nuna yatsa ga madatsun kamfanin da ke Old Ford, a gefen ƙazamin kogin Lea. Whitehead na cikin waɗanda suka taya binciken. Kamfanin ya dage cewa duk ruwan da yake turawa tatacce ne, sai ga masu gidaje suna cewa sun tsinci wani dogon kifi mai kama da maciji a cikin bututunsu. Daga bisani injiniyan kamfanin ya amsa cewa an buɗe ruwan wata tsohuwar madatsa marar rufi, wanda ba a tace ba, an haɗa da na jama'a.